Tambaya da Amsa: Bidiyon Darasi Ba Sai da Kyamara Mai Tsada Ba

Tambaya: Ina koyar da ilimin sinadarai a kwaleji, yanzu an mayar da darasina intanet. Ba ni da kyamara, ɗalibaina kuma suna kukan data. Yaya zan yi? Daga wata malama.

Amsa: Malama, wayar da ke hannunki ta isa. Murya ce kan gaba. Ɗalibi zai haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma ba zai jure sauti mai hayaniya ba. Ni a ɗaki mai labule nake naɗa, in kashe fanka tukuna (sau ɗaya na manta, sai da na sake darasin daga farko). Ki tace muryar da manhajar Audacity, ki naɗi fuskar kwamfuta da manhajar OBS Studio, dukansu kyauta ne.

Ga lissafin sinadarai kuwa, ki kafa wayar a sama tana kallon takarda, kina rubutu da hannu kina bayani. Kuma ki taƙaita: wani bincike na 2014 kan bidiyoyin edX, wani dandalin darussan intanet, ya nuna yawancin ɗalibai ba sa wuce minti 6 suna kallo.

Batun data, ki matse bidiyon da manhajar HandBrake zuwa 480p (ƙaramin girman hoto), sannan ki ɗora muryar kaɗai a MP3 ga masu raunin sabis.