Me ya sa zanenmu yake ɓarewa daga tsohon bango?

Tambaya: Mu matasan wata tsohuwar unguwa mun haɗa kai muna ƙawata bangayen gidajenmu da zane. Fentin mai muka sa, amma damina ɗaya ya kumbura ya ɓare. Ina mafita?

Amsa: Malam, fentin ne bai dace da bangon ba. Tsohon ginin ƙasa ko na dutse yana jan danshi daga tushe, ya fitar da shi ta fuskarsa. Fentin mai kuwa toshe wannan hanya yake yi, sai danshin ya taru a baya, ya ɗago shi har da yaɓen. Shafa siminti ma ƙara ɓarna ne.

Ku kankare tsohon fentin tas, ku cike tsagogi da irin kayan da aka yi ginin da shi. Sai ku koma ga farar ƙasa. A dama ta ruwa-ruwa kamar madara, a tace. Garin launi ya zama na ma'adinai, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin farar ƙasar, in ba haka ba zai riƙa bin hannu. A yayyafa wa bangon ruwa kafin kowane shafi, a yi shafi 3 ko 4 marasa kauri, da tazarar kwana guda tsakani. Mai kauri tsattsagewa yake yi, haka ma wanda rana ta busar da wuri, don haka a bi inuwa. Launin yana yin haske sosai in ya bushe, ku fara gwadawa a lungu. A kare ido, farar ƙasa tana ƙuna.

In ginin yana ƙarƙashin kulawar hukumar adana kayan tarihi, ku nemi izini tukuna.