Me ya sa ƙananan garuruwa ke jeruwa a bakin layin dogo, kuma me ke kashe su?

Tambaya: Na duba taswirar yammacin Kanada da tsakiyar Amurka, sai na ga ƙananan garuruwa sun jeru a kan layin dogo kamar 'ya'yan carbi, tazararsu kusan ɗaya. A wasu ƙasashen kuma tasha tana can cikin daji, garin da take amsa sunansa yana nesa da ita. An ce mini duk saboda ruwan da jirgin tururi ke sha ne. Haka ne? Kuma me ya sa da yawansu suka koma kufai?

Amsa: Malam, wanda ya gaya maka batun ruwa bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya ba ka. Ruwa ya kafa wasu garuruwan, musamman a ƙasa mai ƙishi. Waɗanda ka gani sun jeru a filayen alkama kuwa, ƙarfin doki da cinikin fili ne suka jera su. Duk garin da reluwe ya haifa akwai aikin da yake yi wa layin, kuma in ka gano aikin, ka gano dalilin da ya sa yake wurin, da iyakar girmansa, da abin da zai iya kashe shi.

Kafin gari, sai an san inda dogon kansa zai bi, kuma tudu ne ke yanke wannan hukunci. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da tirjiya sosai. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ƙarfin ja na kilo 2 zuwa 3 ya isa ya tafiyar da kowane tan ɗaya na kaya. Amma da zarar hanya ta fara hawa mita 1 a cikin kowace mita 100, sai ka ƙara kilo 10 a kan kowane tan. Jirgi mai nauyin tan 1,000 da ke buƙatar ja na tan 2 ko 3 a fili, a wannan ɗan hawan da ido ma ba ya gani sosai sai ya nemi tan 12 ko 13. Shi kuma kan jirgi ba ya iya jan abin da ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ke kan ƙafafunsa masu juyawa, in ya wuce haka sai su riƙa zamewa a wuri ɗaya. Injin da ke da tan 80 a kan ƙafafun nan, ƙarshen ƙarfinsa wajen tan 20 ne a busasshen dogo. Kai hawan zuwa mita 2 cikin 100, jirgin nan na tan 1,000 ya gagare shi, sai dai a raba taragu gida biyu ko a kawo inji na biyu ya tura. In ruwan sama ko ganye ya jiƙa dogon, abin ya fi haka muni, shi ya sa injuna ke ɗauke da yashi suna watsawa gaban ƙafafu.

To tsofaffin garuruwa da yawa a kan tudu aka kafa su, don tsaro ko don gudun ambaliya, injiniya kuwa kwari da bakin kogi yake bi. Nan amsar batun tashar da ke nesa da garinta take. A Birtaniya da Indiya har al'ada ta zama a liƙa kalmar Road a sunan irin wannan tasha, ma'ana nan ne ake sauka a kama hanyar garin. A Indiya, tashar Abu Road a jihar Rajasthan tana kusan kilomita 30 daga Mount Abu da ke kan dutse, Kodaikanal Road kuma tana kimanin kilomita 80 daga Kodaikanal. Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne ko'ina: masu ɗaukar kaya, masu masauki da 'yan kasuwa su sauko bakin tasha, sabon gari ya tashi, wani lokaci ya shanye tsohon. A Kenya, layin da aka fara daga Mombasa a 1896 ya kauce wa Machakos, wadda a lokacin ita ce cibiyar Turawa a cikin ƙasa. A 1899 ya yada zango a wani fili mai dausayi, shimfiɗa ta ƙarshe mai ruwa kafin a fara hawan tsaunuka, aka gina sito da wurin gyaran injuna. Filin nan shi ne Nairobi.

Yanzu batun ruwa. Injin tururi ya fi shan ruwa a kan cin kwal nesa ba kusa ba: kowane kilo ɗaya na kwal yana tafasa kilo 6 zuwa 8 na ruwa. A ƙaddara injin yana shan lita 100 a kowace kilomita, tankinsa kuma lita 20,000 ne. A takarda zai yi kilomita 200, amma babu direba mai hankali da zai jira tanki ya ƙafe, domin in ruwa ya sauka ƙasa da rufin murhu, ƙarfen zai yi laushi, tukunyar tana iya fashewa. Saboda haka ana kafa tankuna kusa-kusa fiye da yadda lissafi ya nuna. Kuma ba kowane ruwa ba: mai gishiri ko mai farar ƙasa yana barin ɓawo a jikin bututun tukunya, zafi ya kasa ratsawa, kwal ya ƙare a banza, bututu ya ƙone. Inda ruwa ya yi mulki sosai shi ne layin da ya ratsa hamadar Nullarbor a Ostireliya, daga Port Augusta zuwa Kalgoorlie, wanda aka gama a 1917. Tsawonsa ya kusa kilomita 1,700, bai tsallaka kogi ko ɗaya mai gudu shekara-shekara ba, kuma a cikinsa akwai kilomita 478 miƙe ɗoɗar babu kwana. Kusan duk ƙauyen da ke kansa reluwe ne ya dasa shi don ma'aikatansa. Cook, wanda ke kan miƙaƙƙen sashen nan, ya taɓa samun makaranta da asibiti. Abinci da albashi jirgi na musamman ke kawowa, har da taragon mahauci, kuma jirgin bai daina zuwa ba sai 1996.

Amma tankin ruwa shi kaɗai mutum ɗaya ko biyu yake riƙewa, ba ya yin gari. Abin da ke yin gari mai ƙiba shi ne zangon canjin ma'aikata. A Arewacin Amurka an ɗauki mil 100, wato kilomita 160, a matsayin aikin yini na direba da mai zuba kwal, kuma injin kansa bayan tafiya irin wannan yana buƙatar a kwashe toka, a gyara wuta, a zuba mai, a duba ƙusoshi. Don haka kowace kilomita 160 zuwa 240 sai ka tarar da gidan injuna, faifan juya kan jirgi, layuka masu yawa na jera taragu, da ɗaruruwan ma'aikata masu albashi. A lardin Saskatchewan na Kanada, Melville, Watrous da Biggar haka suke, kimanin kilomita 200 tsakanin kowanne da na gaba. Har yau Melville na da mutane sama da 4,000, alhali maƙwabtanta Fenwood da Goodeve ko 100 ba su kai ba.

Su waɗannan ƙananan na tsakani su ne 'ya'yan carbin da ka gani, kuma tazararsu galibi kilomita 11 zuwa 16 ce. Dalili na farko manomi ne. Amalanken doki cike da alkama ba ya wuce kilomita 4 ko 5 a awa, a hanyar ƙasa da ke zama taɓo in ƙanƙara ta narke. Dole mutum ya fito da asuba, ya auna, ya sauke, ya sayi abin da zai saya, ya koma gida kafin dare. Na biyu, layin tilo ne, jiragen da ke zuwa da masu komawa dogo ɗaya suke bi, don haka ana buƙatar layin kaucewa a kai a kai inda ɗaya zai raɓe ɗaya ya wuce, da ma'aikacin tangarahu da zai miƙa wa direba umarni. Na uku, wanda a ganina shi ne aka fi mantawa da shi, kamfanonin dillalan fili ne kafin su zama masu sufuri. Dokar Amurka ta 1862 ta ba masu gina layin da zai kai gaɓar Fasifik fili murabba'in mil 10 a kan kowace mil ta dogo, a 1864 aka ninka zuwa 20, ana ba su ɗaya ana tsallake ɗaya kamar gidajen dara. Kamfanin Canadian Pacific ya karɓi eka miliyan 25 da dala miliyan 25. Fili babu tasha kusa ba shi da daraja, in aka dasa tasha aka yanka fulotai kuwa, kuɗi ne.

Garuruwan sun yi yawa har suna ya yi wuya, sai aka koma bin haruffa. Kamfanin Grand Trunk Pacific, wajen 1907 zuwa 1908, ya jera Fenwood, Goodeve, Hubbard, Ituna, Jasmin, Kelliher, can gaba Watrous, Xena, Young, Zelma, sannan ya sake komawa farko da Allan, Bradwell, Clavet. A jihar Nebraska ta Amurka akwai Crete, Dorchester, Exeter, Fairmont, Grafton, Harvard, har zuwa Lowell. Taswirar gari ma guda ce ake ta kwafa. Da farko an gwada jera shaguna a gefe biyu suna fuskantar juna dogo na tsakiya, sai gari ya rabu biyu, jirgi in ya tsaya ya tare kowa, ga haɗarin tsallakawa. Daga baya aka fi son babban titi ya taso daga ƙofar tasha ya miƙe gefe ɗaya, rumbunan hatsi da shingen dabbobi su jeru a bakin dogo. Fulotin shago faɗinsa ƙafa 25, na gida ƙafa 50. Tsukakken fuloti yana nufin fulotai da yawa a titin da ya fi tsada.

Akwai wani nau'in da kuskuren gwamnatoci ya haifa: garin da dogo biyu masu faɗi daban suka haɗu. A Terowie ta Kudancin Ostireliya, layi mai faɗin milimita 1,600 ya ci karo da mai 1,067. Duk buhu, duk tunkiya, duk fasinja sai an sauke daga wannan jirgi an ɗora a wancan, kuma wannan wahala ita ce abincin garin shekaru kusan 90. Da aka miƙa faffaɗan layin gaba zuwa Peterborough wajen 1970, jirage suka riƙa wucewa ba tsayawa, mutane suka watse.

Mutuwar sauran ma haka ta zo, aiki bayan aiki. Injin dizal ba ya shan ruwan tukunya, ba ya barin toka, yana yin ɗaruruwan kilomita ba a taɓa shi ba, don haka a shekarun 1940 da 1950 kamfanonin Amurka suka soke zanguna da dama. Caliente a Nevada na cikin waɗanda abin ya shafa, har masanin zamantakewa W. F. Cottrell ya yi nazari a kanta a 1951: ma'aikacin da ya fi daɗewa ya bi aikinsa zuwa wani gari, amma mai shago da wanda ya gina gida babu inda za su kai bulo. Sarrafa sigina daga ofishi ɗaya mai nisa ya kori ma'aikacin tangarahu. Babbar mota da kwalta suka rushe lissafin doki: mai iya kai alkama kilomita 80 cikin awa ɗaya da ɗoriya ba ya buƙatar rumbu kowace kilomita 12. Yammacin Kanada na da rumbunan katako sama da 5,000 a shekarun 1930. Bayan an soke tallafin kuɗin dakon hatsi a 1995, aka rufe rassan layi da yawa, aka koma manyan rumbunan kankare 'yan kaɗan masu iya cika taragu 100 ko fiye a zama ɗaya. Rumbu in ya tafi harajinsa ya tafi, sai banki, sai makaranta. A Birtaniya rahoton Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa, na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da layi mil 5,000, a Ajantina kuma an dakatar da galibin jiragen fasinja masu dogon zango a 1993. Sai dai a kula da bambanci: ƙauyen Ingila da ya girmi dogo da shekaru ɗaruruwa tasharsa kawai ya rasa. Cook na hamadar Nullarbor kuwa yau mazaunansa ba su kai 10 ba.

In ka samu kanka a irin wannan gari, ko kana duba hoton tauraron ɗan'adam, ƙasa ba ta ɓoye tarihin. Fili mai faɗi fiye da kima a gefen dogo, alamar layukan jera taragu ce. Zagayayyen rami ko da'irar kankare, nan faifan juya inji yake, in kuwa babu shi ka nemi dogo mai kusurwa uku da ake juyawa a kai. Ginshiƙai a jere cikin da'ira ko murabba'i kusa da rijiya ko madatsa, gindin tanki ne. Gidaje iri ɗaya sak a layi guda na ma'aikata ne, kuma wanda ya fi girma na shugaban tasha. Ko an tone dogon, tudun da aka cike da ramin da aka yanka suna nan, kuma lanƙwasarsu a hankali take, ba irin ta hanyar mota ba.

Mutane kan ɗauka cewa in jirgi ya dawo gari zai dawo. Sai an duba wane jirgi. Na kaya na zamani wucewa yake yi, na fasinja mai gudu kuma ba ya son tsayawa kusa-kusa, domin kowace tsayawa tana cin mintuna. Inda sake buɗe layi ya yi tasiri shi ne inda ƙauye ke kusa da babban birni, mutum ya kwana a gida ya yi aiki a can. A Sikotland an rufe layin Waverley a 1969, a 2015 aka sake buɗe kimanin kilomita 50 daga cikinsa, daga Edinburgh zuwa Tweedbank, tafiyar kusan awa ɗaya. Sauran layin, wanda ya ci gaba kudu ta Hawick zuwa Carlisle cikin tsaunuka masu ƙarancin mutane, ba a mayar masa da dogo ba.