Ni ma haka aka ce mini: wai ba fanninmu ba ne

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, kana bincike kan abin da ke sa iyaye ƙin kai yara rigakafi. Ka sa babi na tarihi da na ra'ayin malamai, sai mai duba aikinka ya ce kundin ba shi da kan gado, ka cire su. Kana tambaya ko da gaske fannonin ilimi na iya haɗuwa su yi magana ɗaya, ko kowa tasa ta fisshe shi.

Suna haɗuwa, ƙanena. Wallahi tambayarka ta fama mini tsohon miki.

Ni kimiyyar ƙasar noma na karanta, kuma a fadamar Rima na yi bincikena, wajen masu noman albasa na rani. Akwai wasu gonaki biyu da kunya ɗaya ta raba su. Ruwansu ɗaya, rairayin da kogi ke kawo musu ɗaya. Amma in ka damƙi ƙasar ta farko sai ka ji ta dunƙule a hannu, baƙa, da laima. Ta biyun kuwa fara fat, tana zubewa ta tsakanin yatsu. Ɗakin gwaje-gwaje ya nuna mini abin da ta rasa, amma bai iya gaya mini dalili ba. Wani dattijo ne da ke ban-ruwa ya dube ni ya ce, "Ɗana, waccan jingina ce. Wa zai kai takin shanunsa gonar da za a karɓe baɗi?" Daga nan na shiga bin aro da haya da jingina, da yadda rabon gado ke yanka gona ƙanana-ƙanana, har na riƙa zama zauren wani malami bayan magariba yana warware mini mas'alolin gado.

Ranar kare kundi, wani daga cikin masu jarrabawa ya ɗaga babin da na rubuta kan jingina da gadon nan da yatsu biyu, ya ce, "Malam, kai alƙali ne ko ɗalibin ƙasa? Wannan ba fanninmu ba ne." Aka yi dariya. Har ƙannena da suka shigo kallo sai da suka dara. Mai duba aikina, wanda ya sa hannu a kan babin da kansa, ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin nan bai yi mini tambaya ko ɗaya a kan abin da ke ciki ba. Da ya ce lissafina ya karkace, ko na fahimci hukuncin jingina a baibai, da na karɓa hannu biyu. Bai karanta ba. Takardun nan tas suke, ko ɗigon jan biro babu, alhali sauran babobin duk ya zane su. Aka ce in je in sake, na sake biyan kuɗin makaranta, mahaifiyata ta sayar da tumakin da take kiwo. Na fito ranar nan cikin zafin Sakkwato na bazara, na zauna gindin dogonyaro, na kasa tayar da babur. Har yau mukan haɗu da shi wajen ɗaurin aure, in durƙusa in gaishe shi don girmansa ne, amma zuciyata ba ta manta ba. Allah Ya sani.

To, kada wani ya sa ka ɗauka cewa shirme kake yi. Dubi dam ɗin Bakolori da aka kammala a 1978 kusa da Talata Mafara. Injiniyoyi sun iya aikinsu, ginin na nan tsaye. Amma ambaliyar da manoman fadama na ƙasa da shi suka dogara da ita ta ragu, shinkafa da kamun kifi suka ja baya, kuma a 1980 sai da aka zubar da jinin manoma kan rikicin filaye da diyya. Lissafin ruwa ya yi daidai, lissafin mutane ne ba a yi ba.

Wanda ma ya fi kusa da fanninka shi ne gubar dalma a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yara na ta jijjiga suna mutuwa, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba sauƙi. Ashe duwatsun zinare masu ɗauke da dalma ne ake niƙawa a cikin gida, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. Agwagin ƙauyukan sun riga mutane fara mutuwa, da akwai mai haɗa labarin dabba da na mutum da an farga da wuri. Kuma maganin asibiti kaɗai bai isa ba, sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, in ba haka ba yaron da aka sallama zai koma cikin gubar.

Sai dai ka ji wannan da kyau: tara fannoni daban, haɗa su daban. Abin da ke ɗaure su shi ne tambaya ɗaya. Ka ɗauki babin tarihin nan ka tambayi kanka, in na cire shi, sakamakona zai sauya? In ba zai sauya ba, ado ne, kuma malaminka yana da gaskiya. A naka aikin na san zai sauya. Ba yadda za ka fahimci dakatar da rigakafin shan inna da aka yi a Kano da wasu jihohi a 2003 ba tare da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ba. Haka kuma ba allura kaɗai ta kai mu ga shelar 2020 ta kawar da nau'in cutar na asali (wild polio) daga Afirka ba, sai da Mai Alfarma Sarkin Musulmi da sarakuna da malamai suka shigo. Saboda haka ka mayar da tarihin abin aunawa. Ka sa a takardar tambayoyinka: maganar wa kike yarda da ita kan lafiyar ɗanki, ta likita, ta liman, ta mai unguwa, ko ta uwar miji? Da zarar ya zama adadi a jadawali, ba mai ce maka ba fanninku ba ne.

Kuma kowane fanni da irin hujjar da yake karɓa. Masana tarihi za su tambaye ka wa ya faɗa, yaushe, me ya gani da idonsa. Malaman addini za su nemi nassi da ingancinsa. Naku kuma yawan waɗanda ka tambaya da yadda ka zaɓo su. Kada ka ɗauko fatawa daga Facebook ka ce ra'ayin malamai ne. Ka sami mutum ɗaya a sashen tarihi, ɗaya a sashen nazarin addinin Musulunci, su karanta maka kafin kowa ya gani.

Abin da ke ba ni takaici, a garin nan ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu kan tarihi da mulki da magani, har da maganin basir. Abdullahi na Gwandu ya yi tafsiri, ya yi nahawu, ya yi tsarin shari'a. Je ka gidan tarihi na Waziri Junaidu ka ga rubuce-rubucen da idonka. Amma fa su sai da suka ƙoshi da kowane fanni a gaban malamansa, ba leƙe suka yi ba.

Kada ka yi jayayya da mai duba aikinka, don Allah. Makinka na hannunsa. Ka rage babin, ka rarraba naman cikinsa tsakanin bitar ayyukan magabata da tattauna sakamako, cikakken kuma ka adana shi ka fitar a mujalla bayan ka karɓi takardarka. Ka turo mini shi ta akwatin saƙo in duba. In kuma ka tashi shiga ƙauyuka, ka nemi mace ta riƙa yi maka tambayoyin cikin gida, don ba za a bar ka ka wuce zaure ba, kuma amsar maigida ba lallai ta zama ta uwar yara ba.