Amsa ga Malama: ki fara da wayar da ke hannun ɗalibanki

Malama, sannu da ƙoƙari. Na ga tambayarki, kin ce manya kike koya wa Turanci, kuma kina neman shafukan intanet da za su taimaka miki wajen koya musu zaman intanet, wato kare kai, tantance labari da mutunta mutane. Na daɗe ina wannan aikin, don haka a yi mini haƙuri in amsar ta yi tsawo.

Da na fara, abin da ya fi kusa da hannu na ɗauka. Common Sense Education na da darussa kyauta a wannan fanni, tun daga ajin farko har ƙarshen sakandare. Google ma ya fitar da Be Internet Awesome a 2017, tare da wasansa Interland. Kayan kirki ne, sai dai don yara aka yi su. Ranar da na haska wasan a allo, aji ya yi tsit. Bayan an tashi, wani dattijo da ba ya fashin zuwa ya tsaya, ya ce mini cikin ladabi, "Malam, wannan jikana ne zai ji daɗinsa. Ni abin da ya dame ni yana nan ciki." Ya miƙo mini wayarsa. Saƙo ne da Turanci, wai za a rufe asusunsa cikin awa 24 in bai danna wani adireshi ba. Kwana uku ke nan yana ɗauke da shi, bai danna ba, bai goge ba, nauyi kuma ya hana shi tambayar 'ya'yansa.

A nan na gane inda matsalar take. Wannan mutum ba hankali ya rasa ba. Da mayaudari zai tsaya gabansa ya yi masa magana da harshensa, kafin ya rufe baki ya gano shi. Amma a sabon harshe kunnensa bai nuna ba tukuna, duk saƙon da ya zo da Turanci kama da na hukuma yake yi masa. Shi ya sa shawarar nan da shafuka da yawa ke bayarwa, wai a duba kuskuren rubutu don a gane saƙon damfara, ba ta da amfani ga ɗalibanmu. Wanda yake koyon rubutun ta yaya zai ga kuskurensa? Balle yanzu da 'yan damfara suka samu manhajojin da ke gyara musu jimla tsaf.

Abin da ya yi mini aiki shi ne siffar saƙon. Nakan ce kowa ya kawo hoton wani saƙo da ya rikita shi, a rufe suna da lambar waya kafin a nuna. Sai mu ja layi a ƙarƙashin kalmomin umarni: danna, aiko, tabbatar, kira. Mu zagaye kalmomin gaggawa: yanzu, yau, kafin. Sannan mu tambaya, me ake nema a wurina, lamba, kalmar sirri ko kuɗi? Kin ga darasin nahawu ya samu ke nan ba tare da an fita daga manhajar karatu ba, kuma ban taɓa ganin ɗalibai sun riƙe siffar umarni da sauri irin haka ba, domin kowa ya san aljihunsa ake magana a kai. Daga nan kowa ya rubuta jimla biyu ta ƙin yarda, ya karanta wa na kusa da shi: ba zan ba da lambar ba, ni zan kira banki da kaina.

Sai bayan wannan nake kawo kayan intanet. Jigsaw, wani sashe na Google, ya fitar da gwajin gane saƙon yaudara a 2019, mai misalai 8. Kada ki ba su shi aikin gida. Ki haska shi, ku yi misali biyu a zama ɗaya, ku karanta adireshin a hankali har su saba da neman ainihin sunan shafi, wanda ke zuwa dab kafin karkataccen layi (/) na farko bayan https://. Raunin gwajin shi ne a kan imel ya fi tsayawa, alhali yawancin ɗalibaina a WhatsApp suke wuni. Don haka nakan ware zama guda ga lambar nan mai alƙaluma 6 da WhatsApp ke turowa, wadda duk wanda ka karanta wa ita ka miƙa masa asusunka. A cikin aji kowa yake kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da mai asusun ke zaɓa da kansa. Ina roƙonki, kada ki karɓi wayar ɗalibi ki danna masa, ko da yana jinkiri. Yatsan da bai danna ba ba ya tunawa, kuma bai dace malamin da ke koyar da sirri ya ga lambar sirrin ɗalibi ba. Waɗanda ko buɗe imel na ba su wahala, GCFGlobal na da darussa kyauta masu hotuna da sauƙin Turanci.

Tantance labari ya fi wuya, saboda akwai mutunci a ciki. Masu bincike a jami'ar Stanford da ke Amurka sun lura cewa ƙwararrun masu tantancewa ba sa daɗewa a shafin da suke tuhuma, fita suke yi su nemi abin da wasu suka ce a kansa. Ni na mayar da wannan tambayoyi uku: wa ya faɗa, yaushe, wa kuma ya sake faɗa? Su ne dai kalmomin tambaya da ake koya a makonnin farko. Wata rana aka turo hoton ambaliya a zauren WhatsApp na ajinmu, aka ce jiya abin ya faru. Muka sa shi tare a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, sai ga shi tsohon hoto ne na wata ƙasa dabam. Ban ambaci wadda ta turo ba, na ce kowannenmu ya taɓa tura abin da bai bincika ba, domin tausayi ne ya sa ta, ba sharri ba. Ita ce daga baya ta nuna wa aji kibiyoyi biyun da ke fitowa a kan saƙon da aka yi ta turawa.

Ladabin hira kuwa, ki bar su su rubuta dokokin zaurensu da kansu. Ki dai nuna musu cewa manyan haruffa zalla tsawa ake ɗaukarsu, kuma gajeren umarni ba tare da kalmar roƙo ba na iya sa a ɗauki mai kirki a matsayin mara kunya. Kada kuma a saka hoton kowa sai da izininsa.

Ki faɗa mini matakin da ɗalibanki suke. In masu farawa ne, ki jinkirta gwajin Jigsaw, saƙonnin wayarsu kaɗai za su ishe ku makonni.