Ƙudan zumana sun watse, ko cutar Turai ce?

Tambaya: Malam, akwatunana biyar cikin takwas sun zama wayam bayan damina, gefen gonar wake suke. Na ji ana cewa cutar da ta cinye zumar Amurka ce ta shigo. Wani ya ce in zuba fiya-fiya a ciki saboda ƙwari. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Allah ya mayar da alheri. Abin da ya faru a Amurka daga 2006, ma'aikatan ƙudan zuman, wato masu fita neman fure, su ne ke ɓacewa su bar sarauniya da zuma, kuma bincike ya nuna abubuwa ne suka haɗu: ƙwaron barowa mai kama da kaska, cututtukan da yake yaɗawa, ƙarancin fure, da magungunan feshi. Namu ƙudan na Afirka kuwa in wuri ya ƙi, tattarawa suke da sarauniyarsu su yi ƙaura. Ka duba bakin akwatin. In gawarwaki ne jibge a ƙasa, guba ce, kuma feshin wake lokacin fure na fi zargi. In ba kowa, yunwa ce ko ƙishi ko tururuwa.

Amma maganar fiya-fiya, dan Allah kar ka kuskura! Wallahi kullum sai na ji wannan, wai ɗan kaɗan ne a tsumma, wai ƙwari kawai zai kora, to shi ƙudan zuma ba ƙwaro ba ne? Abin da ya kashe tururuwa shi ma zai kashe shi, wanda ya tsira ya gudu, warin kuma ya kama saƙa da katako har wani ayarin ya ƙi shiga, sannan ka tatsi zumar ka sayar wa mai jego ko mai neman magani, ka gaya mini wa zai ɗauki wannan alhakin? Masu ba da shawarar nan yawanci ko amya ba su taɓa buɗewa ba, kwalba kawai suke son sayarwa. Ko barowar ma, binciken da aka wallafa a 2014 kan zumar Kenya ya nuna ƙudan can na jure ta ba tare da magani ba.

Ka kankare akwatunan, ka babbaka cikinsu sama-sama, ka goga kakin zuma. Ƙafafun teburin da akwatunan ke kai a sa cikin gwangwanin baƙin mai, ka aje ruwa kusa. Sannan ka samu mai waken ku yi magana, ya riƙa feshi bayan magariba, ya sanar da kai tun ana gobe.