Funfuna Ce, Ba "Naman Gwari" Ba

Tambaya: Malam, ɗana ɗalibin aikin gona ne. Na ji yana cewa "naman gwari" ne ke sa ganyen agada ya yi baƙin tabo. Wannan Hausa ce? Daga mai sayar da agada a kasuwar Mile 12.

Amsa: Hausar intanet ce, Alhaji, kuma ta kai mini iya wuya. Wani ya rasa kalma, ya laƙaba wa cuta sunan ƙabila, sauran suka bi shi ɗuu. Muna da funfuna, wadda ke fito wa burodi in ya kwana uku a damshin Ikko. Abin da ke cin ganyen danginta ne, don haka a ce funfunar ganye, a huta.

Cutar kuwa ita ce baƙar Sigatoka, sunan wani kwari a ƙasar Fiji, inda aka gano ta a 1963. Juya ganyen ka duba bayansa: da siririn zane ja-ja take farawa, ya faɗaɗa ya yi baƙi, tsakiyarsa ta koma ruwan toka, har ganyen ya bushe. Shi ya sa wani nonon agadar ke zo muku a tsumbure, ya nuna ba lokacinsa ba.

Su ma masanan sun sha rigimar suna, kada ɗanka ya ɗauka mu kaɗai ne. A 1863 wani Bajamushe, Fresenius, ya raɗa wa wannan zuriya Cercospora, daga kalmomin Girkanci biyu, wutsiya da iri, saboda ƙwayar irinta doguwa ce siririya. A 1910 Spegazzini, a Ajantina, ya ware wani gida ya kira shi Pseudocercospora, wato Cercospora ta jabu. Chupp ya zo a 1954 ya tattara kusan kowa a tukunya ɗaya, sai Deighton ya sake rabawa a 1976. Bambancin sai da madubin likita: irin ta asalin fari ne garau, inda ya ɓalle kuma akwai tabo mai kauri, na jabun yana da launi, tabonsa ba kauri. Mai cin agadarku 'yar gidan jabun ce. Bahaushe ya riga su: kama da wane ba ta wane. Haka karin maganar take, ba "kama da wane ba shi ne wane ba" da nake ji a bakin samarin Agege, mai tsawo kamar layin mai.

Tambaya: Ɓurtuntuna fa? Daga Idi-Araba.

Amsa: Baƙin garin nan da ke cinye zangarniyar dawa. Ita ma funfuna ce, amma ba ta ganye ba.

Tambaya: "Tabo" ake rubutawa ko "taɓo"? Daga wata malamar makaranta a Obalende.

Amsa: Malama, tabo na ganye ne da fata. Taɓo shi ne wanda za ki taka a Alaba Rago in an yi ruwa.