Tambaya da Amsa: Albashi Ba Ya Kai Rabin Wata

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, albashina naira 85,000, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ba ya kai ni ranar 15 ga wata. Kullum awo nake yi, kwano ɗaya ko biyu. Ta ina zan fara? (Malamin makaranta, Gusau)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo sauƙi. Ramin da ke cinye kuɗinka ka riga ka faɗe shi da bakinka: awon kullum. Mai awo a unguwa yana ɗora kuɗin mota da na dako da ribarsa a kan kowane kwano, kai kuma kana biya sau talatin a wata.

Fara da lissafin mako guda. Uwargida ta rubuta kwano nawa na masara, shinkafa da wake gidan ke ci. A kasuwannin Kano ana lissafa tiya 40 a buhun masara mai kilo 100. Gidan da ke cin tiya uku a mako, buhu ɗaya zai kai shi kusan wata uku. Idan buhu ya fi ƙarfinka, ku haɗu ku huɗu a makaranta, ɗaya ya je kasuwar ƙauye ranar da take ci, ku raba tiya goma-goma. Lokacin saye shi ne kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, domin hatsi galibi yakan yi tsada idan damina ta yi tsakiya.

Inda mutane ke asara shi ne ajiya, musamman ta wake. Kafin ka ɗaure buhu, zuba hatsi kaɗan da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ka rufe, ka girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana, in ba haka ba zai yi fumfuna. Ka nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki. Matse iskar, ka ɗaure kowace leda daban, sannan na waje. Ƙwari rashin iska ke kashe su, don haka yawan buɗewa ko hudar ɓera na ɓata aikin. Ɗibi na wata guda tun farko, sauran ka ɗora a kan katako nesa da bango. Kuma don Allah kada a zuba wa wake maganin feshi. Guba ce, yara ne za su ci.

Abu ɗaya kuma: ranar da albashi ya shigo ake ware kuɗin abinci da na motar zuwa aiki. Wanda ya bar su haɗe da kuɗin aljihu, biki da suna za su cinye su.

TAMBAYA: Ina sayar da ƙosai da kunu. Jarina ya karye, ƙawata ta ce in ci bashi a manhajar waya. Ko adashi ya fi? (Wata uwa, Zariya)

AMSA: Hajiya, kada ki taɓa bashin nan. Ko an ajiye maganar riba a addini, lissafin kansa bai yi ba. A misali, a ba ki 20,000 ki biya 24,000 bayan mako biyu: kashi 20 cikin 100 ke nan, kuma ribar ƙosai ba ta ɗaukar wannan tare da cefane. Wasu manhajojin kan kwashe lambobin wayarki, in kin makara su aika wa 'yan'uwa saƙon cin mutunci. Hukumar FCCPC, mai kare haƙƙin masu sayen kaya a Najeriya, ta sha ɗaukar mataki a kan irinsu.

Adashi ya fi, amma da sharaɗi. Lokacin tsadar kaya, wadda ta kwashe a ƙarshe ita ke cutuwa, domin kuɗin ba ya sayen abin da yake saye a farko. Ki shiga gajere, na mutum goma zubin mako-mako, wanda zai zagayo cikin mako goma. Uwar adashi ta riƙe littafi, kowane zubi a rubuta a gabanki. Ki roƙi kwasarki ta faɗo a kaka, kuma ranar da kika karɓa ki sayi wake da man gyaɗa da kuɗin, kada su kwana biyu a hannunki.